Ruwa ya daina shiga baƙin mai a tsohuwar a-kori-kurata

Jiya da yamma injin motata ya yi minti 40 yana aiki a silo, wato a tsaye ba a taka totur ba. Na kashe shi, na jira ya huce, na zaro sandar awon baƙin mai gabana na faɗuwa. Mai ne garau, babu farin nan na haɗuwar ruwa da mai da ya hana ni barci wata biyu cur. Alhamdu lillahi. 'Yan uwa masu fama da tsofaffin motoci, musamman masu Peugeot, ku ba ni aron hankalinku, don abin da ya same ni yana iya samun duk wanda ya ɗaga tof silinda, wato murfin saman inji.

Motar dai Peugeot 504 ce ƙirar 1984, mai injin fetur 1618 cc, wadda ta yi shekara da shekaru a ajiye kafin ta zo hannuna. Yadda na tsara tun farko, inji zan fara gamawa, sai birki, sai bodi, fenti ya zo ƙarshe. Tsarin nan ya daɗe da wargajewa. Ina jiran kayan inji na kwance sifirin ɗin baya na kankare tsatsa, na yi waldar ƙasan ƙofar direba, har na fara bin wayoyin fitilu. Yanzu ko'ina a buɗe yake, babu ɓangaren da zan ce na kammala.

Asalin matsalar daga gasket ɗin tof ta faro, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da gangar jikin inji. Motar na ɗaukar zafi, lagireto na tofar da kumfa, sai na cire tof ɗin don in canja shi. Da na ga yadda baƙin hayaƙi ya daskare a kan fistin, na sa sifana na juya kiranshaf, ƙarfen da ke kai fistin sama da ƙasa, ina ɗago su ina gogewa har suka yi ƙyalli. Na ji daɗin aikin ƙwarai a ranar. Na mayar da komai, na ɗaure, ta tashi bugu ɗaya. Bayan kwana uku baƙin mai ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara.

Na ɗora laifin a kan gasket, na ce jabu aka sayar mini. Na sayi wani, na sake kwancewa, na sake ɗaurewa daga tsakiya zuwa waje yadda ya kamata. Farin ya dawo. Sai na ce to tof ɗin ne ya lanƙwashe, tunda na alminiyon ne kuma motar ta sha zafi. Na kai aka kankare fuskarsa. Wannan kuɗin shi ya fi yi mini ciwo, domin daga baya na tabbatar tof ɗin lafiyarsa lau, kuma naman da aka cire masa ba zai dawo ba. Gasket na uku, baƙin mai sabo galan guda, filta sabuwa, duk suka bi ruwa. A wannan makon na rufe boneti na yi kwana biyar ban leƙa ta ba, raina a ɓace.

Wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan irin waɗannan injuna ne ya saurari labarin tun daga farko. Bai ko taɓa motar ba, ya tambaye ni, “Ɗana, da tof yana ƙasa, ka juya injin?” Na ce, “Na juya, Baba.” Ya ce in je in cire kaskon baƙin mai, in cika lagireto da ruwa, in kwanta a ƙasa da tocila.

Na yi yadda ya ce. Ban yi minti goma a kwance ba na ga ɗigon, yana taruwa a hankali a gindin silif ɗaya, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, yana gangarowa. Can sai na gefensa ma ya fara.

Injin nan ba a jikin bulok, wato gangar jikin inji, aka huda silindarsa ba. Silif huɗu ake zurawa, ruwa na kewaya su kai tsaye, kuma abin da ya raba ruwan da baƙin mai a ƙasa siririn sil ne, wato zoben da ke hana yoyo, da kowane silif ke zaune a kai. Babu notin da ke riƙe su, tof silinda ne kaɗai ke danne su. Da zarar an cire tof aka juya kiranshaf, ringin fistin na iya jan silif ya ɗaga, ko da ɗan kaɗan ne da ido ba zai gani ba. Tsohon sil ya tsage, tsatsa ta faɗa ƙarƙashinsa, kuma ko gasket nawa aka sa a sama ba zai toshe ɓarakar da ke ƙasa ba. Shi ya sa ma ake son a fara girgiza tof ɗin ta gefe ya saki kafin a ɗaga, don kada ya taso da silif a manne da shi. Na taɓa karanta wannan, amma da na ga baƙin nan a kan fistin sai ya fita daga raina, kuma har yanzu abin na ci mini rai.

Dole na sauke injin gaba ɗaya. Na yi wa kowane fistin da silif ɗinsa alama don kada su cakuɗe. Wajen zaman silif ɗin ya cinye mini kwana huɗu, saboda da alama ruwa zalla aka riƙa zuba wa motar tsawon rayuwarta, tsatsa ta yi kaca-kaca da wurin. Na bi shi da haƙuri har yatsa ya daina jin gargada. Daga nan sai awo. Kowane silif sai ya ɗan ɗara fuskar bulok da kamar kaurin takarda, kuma huɗun su zo kusan daidai da juna, in ba haka ba tof zai danne wani ya bar wani. Sil ɗin kaurinsu daban-daban ne, da su ake daidaitawa. Na auna da miƙaƙƙen ƙarfe da fila geji, siraran ƙarafan awon tazara, na cire, na canja, na sake aunawa, har sau shida kafin hankalina ya kwanta. Adadin kuwa ku duba littafin injinku, kada ku ɗauka daga bakin kowa.

Wannan karon kafin in taɓa kiranshaf sai da na danne silif ɗin da manyan wasa, wato faifan ƙarfe masu huda, da gajerun kusoshi a ramukan tof. Na duba metal, ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kai, ruwan bai kai ga cinye su ba, na gode wa Allah. Na wanke injin da mai har sau biyu kafin in zuba na zama, lagireto kuma na sa masa ruwan da ke hana tsatsa.

Saura in sake bin kusoshin tof bayan ta ɗan yi aiki, in sake saita bawul tunda ɗaurin na taɓa su. Birkin baya na dama har yanzu a cije yake, gangar birkin ta ƙi fita duk da na sassauta ta har ƙarshe. Wanda ya san dabarar da ba ta guduma ba, ina saurare.