Kaza da 'Ya'yanta a Cikin Tanti a Zariya

Ranar Laraba da daddare Yaya ya kira ni daga Zariya, ya ce wasu samari masu karatun kimiyya sun samo ɗakin kallon taurari na tafi-da-gidanka, za su kafa shi ranar Asabar a zauren taron wata makaranta a Samaru, in kawo yara. Da farko na so in kawo uzurin sanyi da tsadar mota. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne tuna wata tambaya da Autana ya yi mini kwanakin baya, wai shin taurari a ƙauye kaɗai suke fitowa? Yaro mai shekara 6, haifaffen Kano, bai san sama ba sai wadda fitilun titi da hayaƙin janareta suka dusashe.

Da sassafen Juma'a muka shiga mota a Unguwa Uku, ni da shi da yayarsa mai shekara 10. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gabas har rana ta koma kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Muka wuce Kura da fadamun Kadawa, kwandunan tumatir jere a bakin titi, direba ya tsaya shan mai a Kwanar Ɗangora, masu tallar rake da dafaffen ƙwai suka yanyame mu. Daga Tashar Yari barci ya kwashe ni, ban farka ba sai da yaron mota ya ce Kwangila.

A cikin birni muka sauka, gidan Baffa, ƙanin mahaifinmu. Keke ya shiga da mu ta Ƙofar Doka, na nuna wa yara abin da ya rage na ganuwa, amma hankalinsu na kan mai awara. Baffa ya haura 70, manomi ne tun tashinsa, kuma ya yi karatun zaure gwargwado. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ajiye buta ya ce, "Wato sama ce aka ɗinke a buhu aka kawo Samaru? To da ni za a je."

Washegari da hantsi muka ɗunguma. A hanya wani ƙaramin jirgi na makarantar koyon tuƙin jirgin sama ya gifta ta kanmu ƙasa-ƙasa, Auta ya kusa fita ta taga. Mutanen Zariya kuwa ko ɗaga kai ba su yi ba, tun shekarun 1960 suke jin wannan ƙugi.

Abin da muka tarar a zauren ya fi kama da baƙar ƙwarya da aka kife, tsayinsa ya kusa taɓa silin. Tanti ne na yadi mai kauri, fanka na hura masa iska ta wani bututu ba tsayawa, iskar ce kuma take riƙe da shi a tsaye. Babu ginshiƙi ko ɗaya. Baffa ya zagaya shi yana taɓawa da sanda, ya ce ya tuna masa da tulluwar soro irin ginin Babban Gwani na tsohon masallacin Juma'a, sai dai wancan da azara da ƙasa aka ɗaure shi, wannan kuwa da iska. Ana shiga ta wata 'yar ƙofa mai zif, a sunkuye, mutum ɗaya-ɗaya don kada iska ta fice. Sai da ya cire hula ya tattare babbar riga sannan ya samu shiga. Muka zauna kan tabarmi, mu wajen ashirin da wani abu, yawanci yara. A tsakiya akwai majigi mai gilashi kamar idon kifi, wanda yake watsa hoto ya cika rufin gaba ɗaya, an haɗa shi da kwamfuta.

Saurayin da ke bayani ya ce ya saita na'urar ta nuna saman Zariya na daren ranar. Rana ta gangara yamma a jikin yadin, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma baƙi, sai taurari suka fara tsirowa. Ban san adadin da zan kira ba. Wata mata a bayana ta saki salati, yara suka yi tsit, Auta ya damƙe mini zani. Ni kaina rabona da irin wannan sama tun muna kwana a tsakar gida lokacin bazara.

Ya fara da tauraron arewa, wanda ba ya gusawa yayin da sauran ke zagaya shi. Ya ce a Zariya tsayinsa daga ƙasa digiri 11 ne kacal, daidai da nisan garin daga layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, don haka in ka miƙe hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen nan ne kusan tazararsa da doron ƙasa. Duk tantin ya cika da dunƙulallun hannaye a duhu.

Daga nan ya zana layuka tsakanin wasu taurari, surar wani ƙato mai kulki da ɗamara ta bayyana. Ya ce Girkawan dā suna kiransa Oriyon, maharbi ne, kuma wancan ɗan cincirindon taurari da ke gabansa 'yan mata ne bakwai 'yan uwan juna da yake bi, har yau bai cim musu ba. Yara sun ji daɗin tatsuniyar. Sai muryar Baffa ta fito daga duhu.

"Ɗan samari, waɗannan ai Kaza ce da 'ya'yanta."

Aka yi dariya. Saurayin, Allah ya yi masa albarka, bai ji haushi ba. Ya ce, "Baba, ƙara mana." Baffa kuwa dama jira yake. Ya ce malamai suna ce mata Surayya, tana cikin taurari 28 da ake lissafin shekara da su, bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14. Ya jero na damina ba tare da numfashi ba: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Ya ce mahaifinsu ba ya fitar da iri don an yi yayyafi ɗaya, sai ya lissafa tauraron da ake ciki. Na yi lissafin a zuci, 28 sau 13 ya ba da 364, ga kwana ɗaya na ƙari, shekara ta cika cif. Na girma a gidan nan ban taɓa tambaya ba.

Saurayin ya tambaye shi ko Kaza tana nan duk shekara. Baffa ya ce a'a, in zafi ya tsananta gab da faɗuwar ruwa ɓacewa take yi, sai daga baya a gan ta da asuba. "To bari mu ga inda take zuwa." Ya danna kwamfuta, kwanaki suka riƙa gudu, Janairu, Fabrairu, Maris, kullum Kaza na ƙara matsawa yamma, har a watan Mayu rana ta zo ta tsaya dab da ita. Ya kashe hasken ranar, sai ga ta nan a gefenta, da tsakar rana. Ashe tana nan daram, haske ne ya rufe ta. Baffa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ikon Allah." Saurayin ya ƙara da cewa ido yakan ga shida ko bakwai ne, amma 'ya'yan Kazar sun fi dubu, kuma hasken da muke gani ya baro su sama da shekara 400 da suka wuce, alhali na rana minti 8 yake yi ya iso mu.

Inda aka saɓa shi ne kan Zara. Saurayin ya ce Zara matar wata da ake gani bayan magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba, abu ɗaya ne, kuma ma duniya ce irin tamu, Zuhura, wadda ta fi mu kusa da rana, zafinta ya haura digiri 450. Wani lokaci tana bin bayan rana, wani lokaci tana riga ta fitowa. Baffa ya ce sam, ya san Zara ya san Gamzaki tun kafin a haifi uban mai magana. Saurayin ya ce cikin ladabi, "Baba, ga gwaji. Duk watannin da ake ganin ɗaya, a nemi ɗayar." Ya kuma ce sau da yawa mai hasken da ake gani kusa da wata can cikin dare Mushtari ce, mutane su ce Zara.

Ana cikin haka janareta ya yi tari biyu ya mutu. Taurari suka ɗauke, fanka ta tsaya, sama ta fara saukowa a hankali har ta taɓa kan dogaye. Yara suka kaure da ihu, rabi tsoro rabi murna, aka buɗe zif muka rarrafo waje. Mai ne ya ƙare, kuma babu wanda ya tanadi na ajiya, abin da ya ba ni haushi ƙwarai ganin an karɓi kuɗin shiga. Mun fi rabin awa muna jiran ɗan acaɓa ya dawo da galan. A wannan zama ne wata budurwa cikin masu shirin ta gaya mini cewa kamfanin Zeiss na Jamus ne ya ƙera na'urar farko irin wannan a 1923, aka buɗe wa jama'a ita a gidan tarihi na birnin Munik a 1925. Na ce mata su kam na tabbata ba a aiki kowa sayen mai ba.

Kashi na biyu gajere ne, kan husufi. Ya nuna yadda duniya ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa kansa ya yi ja. Na raɗa wa 'yata cewa muna yara zazzaɓin wata muke cewa, mu fita da gwangwanaye muna kiɗa wai rana ta saki wata, manya kuma su tafi sallar husufi. Ta dube ni kamar ba ta yarda uwarta ta taɓa yin wauta irin wannan ba.

Da daddare aka ɗauke wuta a unguwar, karo na farko da na ji yara sun yi murna da haka. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida cikin rigunan sanyi. Hazo ya cinye duk na ƙasa-ƙasa, tauraron arewa ko alamarsa, amma can tsakiyar sama Kaza na nan. 'Yata ta ƙirga shida, Auta ya rantse bakwai ya gani. Baffa ya ce shi yanzu ɗan fari-fari kawai yake gani a wurin, kamar an watsa gari.

Da ya dawo daga sallar asuba ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ce a taso masa da 'yar boko. Na leƙa ta taga ina jin su. Ya nuna gabas da sanda, ta saman katanga, inda wani tauraro ke ƙyalli shi kaɗai cikin hazo.

"Ga Gamzaki nan. Kin gan shi?"

"Na gan shi, Baffa. To jiya da magariba ina Zara take?"

Ya gyara mayafinsa ya yi gyaran murya. "Ta yi tafiya."

"Yaushe za ta dawo?"

"Ku dawo hutu na gaba mu duba," in ji shi, ya juya ya ce a ɗora ruwan koko kada mu rasa motar farko.