Godiya bayan an gama da kayan fursunan nan

Alhamdulillahi, an yi taron kosfile, wato taron da ake yin shigar taurarin fina-finai da littattafan zane, an tashi lafiya. Sai yau na samu barci na kirki. Ku da kuka bi ni cikin makonni ukun nan kun san yadda aka sha fama wajen haɗa kayan da muka sa, ba sai na maimaita ba.

Mu huɗu muka fito a shigar 'yan gidan Dalton na littafin zanen Lucky Luke, wanda Morris ɗan Beljiyam ya fara a 1946. 'Yan fashi ne 'yan uwa huɗu, duk wanda ya san su ya san kayan fursuna masu ratsin baƙi da rawaya ne alamarsu, kuma a jere suke tsayawa daga Joe gajere har Averell dogo. To idan faɗin ratsin riga ɗaya ya saɓa da na sauran, da an jeru ido zai kama. Ni ne Averell, tawa ce ta fi cin yadi, ita ce kuma ta lalace.

Saura kwana biyu, na ɓare salatif ɗin da na liƙa don fitar da layi, sai na ga baƙin fenti ya bi ta ƙarƙashi ya malala cikin rawayar. Laifina ne, ban danne bakin salatif ɗin ba, kuma na cika wa buroshi fenti. Na zauna a ƙasa riƙe da rigar, hannuna na rawa. Babu sauran yadi, babu lokacin da sabon fenti zai bushe har a bi shi da dutsen guga.

Yaya, kin ce kada in ambace ki, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ta fito ta same ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga rigar a gaban fitila ta ce, "Ɗauko min almakashi da tsohon baƙin zanen nan." Ta yanka shi tsiri-tsiri, ta lanƙwasa bakin kowanne, ta ɗora a kan inda ya ɓaci. A kafaɗa ratsin hannu ya ƙi haɗuwa da na jiki, sau uku tana warware ɗinkin. Har yanzu ina ganinta da allura a baki, tana auna faɗin ratsi da yatsu uku. Yaya, Allah Ya biya miki buƙatunki na duniya da lahira, Ya raya miki zuri'a, Ya sa kada ki taɓa neman taimako ki rasa.

Ƙanena da ya sassaƙa mana ƙwallon da ake ɗaure wa fursuna a ƙafa, da soso, ya haɗa sarƙar roba don kada a hana mu shiga da ƙarfe, Allah Ya yi maka albarka. Abokan tafiyata uku, Allah Ya bar zumunci. Baiwar Allah da ta miƙo min fil a bakin ƙofa lokacin da sarƙar ta tsinke, ban ma tambayi sunanki ba, Allah Ya saka da alheri.

Akwai 'yan uwan da suka ce wa zai sa kayan fursuna da ransa da lafiyarsa, ba su zo ba, ba su kira ba. Na so a ce sun ga aikin Yaya da idonsu. Rigar na nan na rataye, ban wanke ba tukuna.