Talata: yawon neman firinta mai kala

Yau ban zauna a kujerata ba ko na minti goma. Tun jiya Oga ya ce ya gaji da kuɗin da muke kai wa masu shagon buga takardu, duk lokacin da za a yi taron horaswa sai an kwashi littattafan mahalarta da satifiket da fastoci an kai waje, a bi layi, wani lokacin ma a dawo mana da tambarin ofis ya koma ruwan toka maimakon kore. Ya ce in fita in nemo mana firinta mai kala wadda za ta ɗauki aiki da yawa kuma ta fito da shi tas. Shi a ransa abu ne na shiga shago ka nuna ka biya.

Kafin in fita na zauna da Hajiya akanta muka duba rasitan wata shida, sai ga shi muna buga wajen shafi 8,000 a wata, kusan rabi masu kala, kuma in taro ya matso sai ya ninka. Ita kanta ta yi mamaki, ta ce "Malam, ashe nan kuɗinmu ke tsiyayewa." Da wannan lissafin a aljihu na hau Adaidaita zuwa Beirut Road a nan Kano.

Shagon farko yaron ya ɗauko min Epson L3210, mai tankin tawada, yana ta zuba wai ba ta shan wuta, ko ƙaramar inbata ta ɗauke ta, kuma kwalaben tawadar kala suna kai shafi 7,500. Duk gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma a minti ɗaya shafi 5 take fitarwa in mai kala ne, 10 in baƙi da fari. Na lissafa a waya, littafi mai shafi 60 na mutum 100 shafi 6,000 ke nan, ai awa 20 za a yi ana tsaye a kanta ana zuba mata takarda, ga shi ba ta juya bayan takarda da kanta. Sannan tawadarta irin ta rini ce, in ruwa ya ɗiga ko hannu mai gumi ya riƙe satifiket sai ya caɓe. Don gida ko ƙaramin shago ba laifi wallahi, ni ma ina sha'awarta don aikin yara, amma ba tamu ba ce.

Na shiga wani wajen aka nuna min HP Color LaserJet sabuwa fil a kwali, ita ce irin wadda Oga yake so don sunan da ya sani ke nan. Bugunta kam ba magana, rubutu ya fito rangaɗau. Da na tambayi kuɗin katirij guda huɗu, wato mazubin tona, garin tawadar da take bugu da shi, baƙi da shuɗi da ja-ja ɗin nan da rawaya, na asali, sai na ga in ka canza su sau biyu zuwa uku ka sake sayen firintar. Mai shagon ya ce ai akwai na cikawa, na ce to ita na'urar tana yarda? Ya yi dariya ya ce wasu samfuran in ka bari suka sabunta manhajarsu ta intanet sai su ƙi karɓar katirij ɗin da ba na kamfanin ba. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi, adadin shafin da ake rubutawa a jikin kwalin tona an auna shi ne da shafin da kala ta rufe kusan kashi 5 cikin 100 kawai, wato kamar wasiƙa mai ɗan rubutu da ƙaramin zane. Mu kuma bangon littafinmu kore ne shar tun daga sama har ƙasa, ga hotuna a ciki. Tonar da aka ce ta shafi 2,000 ce, a irin aikinmu ko rabi ba za ta kai ba.

Bayan Azahar na kira injiniyan da ke gyara mana fotokofi, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya ce in same shi a shagonsa. A nan ne na fahimci abin sosai. Bai ma bari na gama bayani ba ya ce "ɗana, kai ba firintar tebur kake nema ba, injin tsaye kake nema." Ya ja ni ciki ya nuna min Konica Minolta bizhub C364 ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan ofisoshin can sun gama hayarsu. Shafi 36 a minti, kala ko baƙi duk ɗaya, tana buga A3, tana juya baya da kanta, tana sikanin, kuma ta ƙofar gefe tana ɗaukar kati mai kauri har giram 300, wato satifiket ɗinmu ba sai an fita da shi ba. Tonarta TN-321, baƙar tana kai shafi 27,000, masu kala 25,000 kowacce, a wancan ma'aunin dai na kashi 5. Ya ce manyan 'yan uwanta su ne masu aikin DI, wato masu buga kala kai tsaye daga kwamfuta, suke ci da su, daga nan har Shomolu a Legas inda harkar ɗab'i ta yi kaka-gida, shi ya sa kayan gyaranta ba sa wuya, in babu a Kano ka kira Legas a sako maka a mota.

Akwai Ricoh MP C3003 a gefe da wata Canon imageRUNNER, na tambaye shi su fa, ya ce duk injuna ne masu kyau, shi dai hannunsa ya fi faɗawa kan Konica, kuma in inji ya tsaya ranar da ake gobe taro, wanda zai zo cikin awa ɗaya da kayan gyara a jaka shi ne zai fisshe ka. Na san yana tallan hajarsa ne, amma ban ga ƙarya a maganar ba.

Sai ya koya min yadda ake duba ta hannu, wannan ne ma ya sa nake rubuta shafin yau don kar in manta. Farko a buɗe wurin da take ƙirga shafuka a ga shafi nawa ta taɓa bugawa, kala daban baƙi daban, kodayake ya ce wasu 'yan kasuwa suna taɓa lambar, don haka kar a tsaya nan. A sa ta fito da takardar da ke nuna saura nawa ya rage a diram huɗun da hoton ke fara fitowa a jikinsu, da dibelofa mai shafa musu tona, da bel ɗin da ke kwaso hoton ya ɗora a takarda, da fiyuza, wato wurin da zafi ke narkar da garin tona ya manne. Waɗannan su ne masu cin kuɗi a ɓoye. Sannan a buga cikakken shafi da kala ɗaya, ja kaɗai, shuɗi kaɗai, a ɗaga a haske, in akwai layi-layi ko wani gefe ya koɗe to diram ya fara gajiya. Muka gwada a gabana, shuɗin ya fito da wani siririn layi daga sama zuwa ƙasa, bai ɓoye ba ya ce wannan sai an canza kafin ta bar shagon. Kuma a leƙa bayanta a karanta farantin wuta, in ta Amurka ce wuta mai volt 120 take ci, mu kuwa 230 muke da ita, sai da taransifoma, shi bai ma son irinsu.

Maganar wuta ce ta ɗan sanyaya min jiki. Lokacin da fiyuza ke ɗaukar zafi injin yana jan wajen wat 1,500, inbatar ofis ɗinmu da ke ɗauke da kwamfutoci da fankoki ba za ta iya ba, dole sai wutar gari ko a tada jen, ga yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Dole kuma a haɗa mata stabiliza babba, don hawa da saukar wuta ke kashe allon ciki. Ya ƙara da cewa a lulluɓe ta kullum in an tashi saboda ƙurar hunturu, da damina kuma kar a bar rim a buɗe, takarda in ta sha sanyi ita ce ke maƙalewa mutane su yi ta zagin inji ba laifinsa.

A hanyar komawa na tsaya wani shago na tambayi Epson WorkForce Pro, masu jakar tawada, don su ba sa amfani da zafi, wuta kaɗan suke ci, tawadarsu kuma ba ta caɓewa da ruwa. Raina ya so ta saboda solarmu. Amma wadda suke da ita A4 ce kawai, kuma da na ce ina jakar tawadar sai ya ce sai an yi oda. Nan na haƙura.

La'asar sakaliya na shiga wajen Oga da takarda ɗaya, na jera masa kuɗin saye a gefe, kuɗin kowane shafi a gefe. Yana ganin kalmar "ta hannu" ya ɓata fuska, ya ce shi ba ya son kwashe-kwashen abin da Turawa suka yar. Na ce ranka ya daɗe sabuwar irinta tana nan in ofis zai iya, na faɗa masa kuɗin, ya yi shiru ya cire gilashi. Hajiya ce ta kawo shawarar da ta fi tawa, ta ce kar a biya duka, a sa injiniyan ya kawo ta ofis a buga littattafan taron mako mai zuwa da ita, a rubuta yarjejeniya cewa shi zai riƙa zuwa sabis duk wata, sabon diram ɗin shuɗi kuma a kansa. Oga ya ce to a yi hakan, amma in tambarinmu ya fito ba kore ba ni zan ɗauke ta a ka in mayar, abin da ya fi kilo 80.

Na kira injiniya ya ce Alhamis da safe zai kawo ta a a-kori-kura. Gobe sai in nemo mai wayarin ya ja mata layinta daban daga mita, in kuma sa a matsar da kabad ɗin fayil don ƙofar gefenta tana buƙatar fili. Ban ci abincin rana ba sai yanzu, ƙafafuna kuma ciwo suke.