Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a ciwon auta

Alhamdulillahi. Jama'a, autarmu mai fama da farfaɗiya ta samu likita, tana kan magani, kuma tun da ta fara sha ba ta sake faɗuwa ba. Jiya ma ta koma Islamiyya. Ni da mahaifiyarta sai yanzu muka san daɗin barci.

Yawon da muka sha kun san shi. Masu cewa a kai ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau sun faɗa, masu cewa iska ce su ma sun faɗa. Kawunta ma'aikacin jinya ne ya zaunar da ni ya ce, "Yaya, likitan taɓin hankali daban, mai tiyatar ƙwaƙwalwa daban. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi za ka nema." Shi ya yi ta zirga-zirga har aka ba mu takardar tura mu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kawu, Allah Ya jiƙan mahaifa.

Amma wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba ita ce maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu. Ta ce kada in ambace ta. Hajiya, ki yafe ni, ba zan iya yin shiru ba. Ranar da yarinyar nan ta faɗi a ƙofar gida, kowa ya ja da baya saboda tsoron yawunta, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Hajiya ta durƙusa, ta kwantar da ita a gefe guda, ta hana a cusa mata cokali a baki, ta sa ɗanta ya ɗauki abin a waya. Wannan bidiyon likita ya fara kallo kafin ya rubuta gwajin EEG, wato gwajin da ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Bai gaggauta mu ba. Ya tambayi yadda aka haife ta, da zazzaɓin da ta taɓa yi, ya ja mana kunne kada mu tsayar da magani don mun ga sauƙi, kuma in jijjigar ta wuce minti 5 mu garzayo asibiti. A nan zuciyata ta kwanta da shi.

'Yan uwan da ko waya ba su buga ba, mun gani, mun bar wa Allah.

Likita, masu jinya, abokan kasuwa da suka haɗa kuɗin gwaji, liman da mutanen masallacinmu: Allah Ya saka muku da Aljanna Firdausi, Ya raya muku zuri'a, Ya tsare ku da ganin ɗanku a ƙasa kuna kallo ba yadda za ku yi. Wata mai zuwa za mu koma ganin likita, ku ci gaba da sa ta a addu'a.