Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littafin Bashin Baba

A makon jiya na tsaya a daren da muka yi ta yawo da Baba kwance a bayan mota, daga wannan asibiti zuwa wancan, nan a ce babu likita, can a ƙi buɗe mana ƙofa ma. Yau zan ɗora daga asubar Talata, 28 ga Afrilu 2020, biyar ga watan azumi, lokacin da Allah Ya karɓi abinSa. A daren da ya gabata ne Shugaba Buhari ya yi jawabin kulle Kano baki ɗaya na mako biyu saboda annobar korona, bayan kullen da gwamnatin jiha ta fara tun 16 ga wata.

Mutumin da ya shekara arba'in da ɗoriya yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda in ana ɗaurin aure a layinsu shi ake sa wa gaba, ba mu kai mutum ashirin a jana'izarsa ba. A maƙabartar Dandolo muka tarar da masu haƙa sun galabaita, ga azumi ga rana, ga wasu gawarwakin suna jira. Bayan an rufe shi, liman ya ɗaga murya ya faɗi abin da aka saba faɗa: duk wanda ke bin mamaci bashi, ko wanda mamaci ke bi, ya nemi ɗansa. Na waiga na dubi waɗanda suka ji sanarwar. Mu ne dai, 'ya'yansa da maƙwabta uku. Waɗanda aka yi maganar dominsu suna kulle a gidajensu, wasu a Maraɗi, wasu a Damagaram.

Da muka dawo na tarar Baffa, ƙanin Baba, ya sa yara sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Inna tana da ciwon suga, kuma tun daren jiya take tari. Na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah a yi haƙuri da zaman makoki. Kowa ya yi masa addu'a daga gida."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Wato ka yanke hukunci korona ce ta kashe Yaya? Wane likita ne ya faɗa maka?"

"Babu wanda ya gwada shi, Baffa. Inna nake ji wa tsoro."

"A ƙofar gidan ubana za ka kore ni?"

Bai jira amsa ba. Da hannunsa ya naɗe tabarmin nan guda huɗu, ya ɗora a kafaɗa ya tafi. Har yau ina ganin abin da na yi shi ne daidai, domin Inna ta yi mako uku a kwance kafin ta miƙe, kuma da an cika gidan da jama'a Allah kaɗai Ya san inda abin zai tsaya. Amma daidai ɗin nan ta yi wa dattijo ciwo a ranar da ya binne yayansa, kuma ban iya zaɓar kalamai ba.

Unguwa ta rabu a kanmu. Masu cewa babu wata korona, hanyar cin kuɗi ce kawai, suka ce na ci mutuncin mahaifina. Masu tsoro suka hana 'ya'yansu shigowa gidanmu, ɗan garuwa ya koma ajiye jarkoki a bakin zaure ya juya. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a Kano a 'yan makonnin nan, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa cutar ce sanadi. Ranar na zauna kusa da rediyo ina jin adadin, ina tunanin ko Baba na cikin lissafin.

Sai farkon Yuli aka ɗage dokar kulle gaba ɗaya. Ranar da na buɗe shago, buzun sallar Baba na nan a naɗe inda ya bar shi, butarsa ta bushe ƙarƙaf, tabaransa na kan dilar atamfa. Kayan Sallah ne maƙare har rufi. Duk ɗan Kwari ya san cinikin shekara a azumi ake yinsa, don haka tun watan Rajab Baba ya ɗebo kaya bashi daga manyan diloli, ya kuma raba wani kaso bashi ga abokan cinikinsa na nesa. Azumi ya wuce kasuwa a rufe, Sallah ta wuce, zanen da ake yayi ya zama tsohon yayi. Dala kuma da muka sani a wajen naira 360 a farkon shekara ta haura 450 a kasuwar bayan fage, ma'ana ko ka sayar da turmi, kuɗin ba zai sayo maka madadinsa ba.

Cikin akwatin ƙarfe na sami littafin. Doguwar rijista ce mai baƙin bango, gefenta ya yi laushi saboda shafar hannu. Na buɗe, gabana ya faɗi. Da ajami Baba yake rubutu, irin nasa na tsofaffin 'yan kasuwa, babu wasali, ga gajerce-gajerce da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Mutanen ma ba da sunayensu ya rubuta su ba. Wani malami a masallacin kasuwa ya iya tsinto mini 'yan kalmomi: na Damagaram, mai jar hula, Hajiyar Agadas. Wane ne ke binmu, wa muke bi, nawa aka biya, nawa ya saura, ya ce wannan sai wanda ya san hannun mai littafin.

A nan fitina ta fara. Masu bin bashi suka soma zuwa, kowa da adadinsa a baki, babu mai takarda. Wasu na san su tun ina yaro, na san ba za su ƙara ko sisi ba. Wasu kuwa sai da suka tabbatar Baba ya kwanta dama suka tuna suna binsa. Waɗanda muke bi kuma wayoyinsu suka daina shiga. A gida, 'yan'uwana na ɗakin Umma, abokiyar zaman Inna, suka fara tambayar me ya sa ba a raba gado ba. Na ce ba a raba gado sai an sauke bashin mamaci. Ƙanena ya ce, "Yaya, bashin da kai kaɗai ka san yawansa?" Maganar ta soke ni, amma a matsayinsa ni ma abin da zan tambaya ke nan. Makullin shago na hannuna, littafi na hannuna, kuma ni ne na hana jama'a zama a ƙofar gida.

Kasuwar kanta ta canja fuska. Babban dilan da ya shekara ashirin da biyar yana ba Baba kaya da fatar baki, da na je neman dila biyu na sabon zane sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, ka kawo wanda zai tsaya maka." Ban ga laifinsa ba. Shi ma mutum huɗu cikin waɗanda yake bi sun rasu a wata guda, iyalansu sun ce ba su san zancen ba. Ko'ina ka juya magana ɗaya ce, kuɗi hannu, ko ka tura a ga alat. Kwari kuwa ba a gina ta da kuɗi hannu ba. Yaro ya zo da leda ya ɗauki turmi biyar ya zagaya gari, da yamma ya kawo kuɗin, haka akasarin masu shagunan nan suka fara. Wannan ƙofar ce ta rufe, kuma masu ƙaramin ƙarfi ta fi rufewa a kansu.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san hannun Baba, shi ne Baffa. Allo ɗaya suka yi, kuma tare suka fara kasa yadi a tebur kafin su rabu kowa ya kama shagonsa. Na je gaishe shi a ƙaramar Sallah da babba, "lafiya" kawai nake samu. Sai a Disamba, cikin sanyin hunturu, Inna ta ce, "Ɗauki littafin nan ka kai wa Baffanka. Ko ya zage ka, ka zauna."

Na same shi a zaure bayan isha'i, ya lulluɓa da bargo. Na gaishe shi, na ajiye littafin a gabansa ban ce komai ba. Ya ɗan jima yana kallon bangon. Da ya buɗe shafin farko ya ga rubutun, sai ya ɗora tafin hannunsa a kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba, ko a maƙabarta bai yi ba. Na ce, "Baffa, ka yafe mini." Ya ce, "Gobe ka tara mini 'yan'uwanka duka, maza da mata. Ba zan karanta wa mutum ɗaya ba."

Dare uku muka yi a tsakar gida, shi yana karantawa, ƙanen nan nawa da ya tuhume ni yana rubutawa da boko, Inna da Umma na zaune a gefe suna tuna mana wane ne mai jar hula. Ashe ɗigo uku a gefen suna na nufin an biya rabi. Ashe layin da aka ja ƙarƙashin wasu sunaye ba biya ba ne, yafewa ce, kuma irin waɗannan sun kai goma sha ɗaya, yawanci zawarawa masu sayar da zane a cikin gida. Biyu daga cikin masu zuwa shago suna ɗaga mini murya babu su a littafin sam.

A dare na uku Baffa ya kai wani shafi ya yi shiru. Ya gyara tabarau. Sannan ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ƙanina, shadda bandir shida, bai biya ba." Ya ɗago ya dubi ƙanena. "Rubuta. Ni ne." Babu wanda ya iya karatun nan a cikinmu. Da ya tsallake layin, har abada ba za mu sani ba. Ƙanena ya riƙe biro ya kasa rubutawa, sai da Baffa ya maimaita masa. Tun daga daren nan ban sake jin kalmar tuhuma a gidanmu ba.

Abin da ya biyo baya aiki ne na ƙafa. Muka karya farashin tsohon kaya muka sayar da asara. Duk Alhamis ni da Baffa muke bin masu binmu shago shago, mu ajiye abin da ya samu, wani makon dubu hamsin, wani makon ashirin, a rubuta a gaban shaidu kowa ya sa hannu. Ko makon da babu komai sai mun je mun nuna fuska. A wata na biyar babban dilan nan ya aiko yaronsa da dila biyu a baro, ba tare da na roƙa ba, ba kuma maganar mai tsaya mini.

Na Damagaram ne babban bashin da muke bi. An buɗe iyakar Maigatari a ranar 16 ga Disamba 2020, bayan rufewar da aka yi wa iyakokin ƙasa tun Agustan 2019, muka zuba ido, shiru. Azumin 2021 ya zo ya wuce, shiru. Na riga na cire rai. Sai wata Laraba bayan babbar Sallah, wani dogon dattijo da rawani ya yi sallama a bakin shago, ya leƙa inda buzun yake, ya ce, "Ina Alhaji?" Lambar Baba kaɗai yake da ita, layin kuma an daɗe da rufe shi. Da na faɗa masa, ya zauna a kan dila ya yi ta salati. Shi ma jinyar matarsa ce ta cinye masa shekara. Ya kwance wani ƙullin ƙyalle daga cikin riga, ya fito da sefa. Na nuna masa adadin da ke littafi da naira, ya girgiza kai. "Ba kuɗi Alhaji ya ba ni ba, kaya ya ba ni. Nawa turmin yake yau?" A farashin ranar ya biya, har da ɗoriyar da ban nema ba, sannan ya ce in raka shi Dandolo.

Ba kowa ne ya dawo ba. Akwai sunaye bakwai a littafin da har yau ba mu ga masu su ba, kuma ni yanzu duk wanda zan ba kaya sai mun rubuta, da lambar waya biyu, ko da ɗan'uwana ne.

An raba gadon Baba a watan Oktoban 2021. Da sassafe na ji motsi a ƙofar gida, na fito na tarar Baffa yana shimfiɗa tabarmi guda huɗu, maƙwabta na fitowa ɗaya bayan ɗaya suna zama, har da ɗan garuwa. Sai da aka yi wa Baba addu'a sannan malamin rabon gado ya buɗe takardunsa.

A cikin takardun ne muka ci karo da wani rasit da babu wanda ya san da shi: kuɗin kujerar Makka da Baba ya fara biya wa Inna da Umma a farkon 2020, shekarar da Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. Yadda muka bi sawun kuɗin nan, da rigimar allurar rigakafi da ta taso tsakanin Inna da Baffa kafin Hajjin 2022, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.