Jeren bango da faifai, ƙwarya da akushi: inda aiki ya kai

'Yan'uwa masu koyo, faya-fayai sun hau bango, ƙorai na jiran magani, kwanukan samira kuma ba a taɓa su ba tukuna.

Faifai ba ya son wanka. In aka jiƙa shi, rinin ja da kore zai zuba ya ɓata farin, kabar kuma ta lanƙwashe. Busasshen buroshi ya isa, sai a bi da tsumma mai ɗan laima, a shanya a inuwa. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, a shimfiɗa su a ƙasa a gwada jeri. Bakwai ko tara sun fi kyau a ido. Babban ya zauna ɗan gefe da tsakiya, tsakanin kowane biyu a bar faɗin yatsu uku, tsakiyar jerin kuma ta yi daidai da idon mutum a tsaye, wajen santimita 150 daga ƙasa. Maratayi: a zura zaren kamun kifi da allura ta bayan faifan, a zobe na uku daga baki, a ƙulle. In aka ɗaura a bakin ƙarshe, nauyi zai warware saƙar a hankali.

Bangon siminti yana son ƙusar kankare mai inci ɗaya da rabi. A manna salatif a wurin kafin a buga, kada filasta ta ɓantare. Bangon ƙasa kuwa sai doguwar ƙusa, inci uku ko huɗu, bakinta na kallon ƙasa kaɗan.

Ƙwarya ce ke da rigima. In kuka ga gari-gari yana zubowa daga ƙananan huji, ƙwaro na ciki, kuma zai iya kama na kusa. A ƙulle ta a leda, ta yi mako guda a firiza, a bar ta ta huce cikin ledar kafin a buɗe, don raɓa ta tsaya a waje. Hujin rataya kada a buga shi da guduma, tsagewa za ta yi. A gasa ƙusa ta yi ja, a riƙe da filaya, a huda santimita biyu daga baki. Banish (man da ke sa katako ƙyalli) kam ban ba da shawara ba: yana mayar da sassaƙa kamar roba, daga baya ya yi rawaya.

Akushi man kaɗanya kawai yake buƙata, ɗan kaɗan, a goge sosai har hannu ya daina maiƙo, in ba haka ba ƙurar hunturu ta manne. Man gyaɗa yana yin wari, ga kiran kiyashi. Akushi yana da nauyi, wurinsa kanta, ba ƙusa ba.

Mai neman ƙari, Kasuwar Kurmi a Kano ba ta rasa irin waɗannan, amma a fara duba ɗakin Hajiya tukuna, da izininta.

Aiki na gaba shi ne tsatsar samira: lemon tsami da toka mai laushi, ban da soson ƙarfe. Duk bangon da ke tsatsafo da damina, a gyara shi kafin a rataya masa komai.