Wasiƙa daga Atina: mai sanduna biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

Gaisuwa mai yawa daga Atina, babban birnin Girka. Kwanakin baya wata tsohuwa maƙwabciyata ta ƙare min kallo ta ce na zama "adinatos", ta miƙo min burodi da zaitun a leda. A bakin Girkawan yau, ramamme ko marar ƙarfi take nufi. Amma a zamanin da, da kalmar nan hukuma ke kiran nakasasshe, asalin ma'anarta kuwa "wanda ba shi da iko".

Yadda suka auna ta ne ya tsaya min a rai. A zamanin masanin falsafa Aristotle, dokar Atina ta ce adinatos shi ne wanda dukiyarsa ba ta kai mina 3 ba (mina babban ma'aunin kuɗinsu ne), kuma jikinsa ya nakasa har ba ya iya aiki. Majalisa mai mutum 500 ce ke tantance shi, baitulmali ya riƙa ba shi obol 2 kullum (obol ƙaramin kuɗinsu ne na tsaba). Ba sadaka ba ce, haƙƙinsa ne na ɗan gari.

Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin kuɗin obol 1 ne, wani ya kai ƙarar wani gurgu gaban majalisar, wai a yanke masa kuɗin: ai yana da sana'a, har doki yake hawa. Lisiyas, wani marubucin jawaban shari'a, ne ya rubuta masa jawabin kare kansa. Gurgun ya ce dokin na aro ne, don tafiya mai nisa ta fi ƙarfinsa. Sana'ar ba ta kawo abin kirki, ba shi da ɗa mai kula da shi, kuma kowa na ganinsa yana dogara sanduna biyu inda wasu ke riƙe ɗaya.

Wallahi da na karanta, Baffana na tuna. Shan inna ya kama shi tun yana yaro, bai taɓa bara ba. Kullum da sassafe yake murza kekensa da hannu zuwa rumfarsa ta gyaran rediyo, tafin hannun duk kanta. Da aka zo rabon tallafi a unguwarmu sai aka cire sunansa, wai ai shi mai sana'a ne. Bai ce uffan ba, ya koma kan rediyonsa. Ni dai har yau abin na ci min rai.

Duk wanda ya bi ta rumfarsa ya gaishe min shi, ya ce masa ina nan tafe bayan sallah in Allah ya yarda.

Naku,
ɗan'uwanku a Atina